Hawan Jos Ya Sauke Ni Daga Keke, Shin In Sayi Sabon Wili?

Assalamu alaikum. Shekaruna 43, nauyina kilo 82, ina zaune a Kano. Bara na sayi keken tsere na hannu, mai siririyar taya, kuma duk Asabar da Lahadi nakan yi kilomita 50 zuwa 60 a hanyar Wudil ko ta Zariya. An rubuta 700x23 a jikin tayar, ina ba ta iska 120 a ma'aunin PSI, amma da wuya mako biyu su wuce ban yi faci ba. Watan jiya abokaina na Jos suka gayyace ni. A hawa na farko mai tsawo numfashina ya ƙare, gwiwa ta ɗauki zafi, na sauka ina tura keke, wani dattijo da ya kusa haifata ya wuce ni a kan nasa yana yi mini sannu. Har yau abin yana cina. Da na dawo na sayi na'urar tuƙin ɗaki, wadda ake kira tirena, irin mai matse tayar baya. Cikin mako uku ta cinye tayar, falo ya cika da baƙin garin roba, uwargida ta ce ba a ɗakinta ba, ni kuma zufa ba ta barina in wuce minti 20. Farantan gaba haƙora 53 da 39 ne, babban na baya 25. Wani ya ce nauyin keken ne, in sayi wilin kabon. Kuɗin da yawa, amma zan iya matsawa. Zan koma Jos nan da wata biyu. Me kuka gani?

Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna, bari mu yi lissafi. Kai da keke da gorar ruwa da kayan faci kun kai kilo 92. Wili marar nauyi, in ya yi ƙoƙari, zai rage maka rabin kilo. A hawan da zai ci maka minti 30, rabin kilo daƙiƙa tara ko goma yake sayo maka, kuma wanda ya sauka ya tura keke ba daƙiƙa goma yake nema ba. Ga shi keke mai taya 23 da faranti 53 kusan tabbas birkinsa mai kama rim ne, kuma rim ɗin kabon da irin wannan birki ba ya kamuwa sosai in ya jiƙe, yana kuma tara zafi a doguwar gangara. In na hannu ne da ba ka san tarihinsa ba, tsagar da ke ciki ba lalle ka gan ta ba sai ranar da ta buɗe. Wanda ya ba ka wannan shawara ya bar jaki yana dukan taiki. Giyarka ta yi nauyi ga tudun, tayarka ta yi siriri da tauri ga hanyoyinmu, kuma kana tuƙi a ɗakin da babu fanka. Gyaran dukansu ba zai ci kuɗin wilin ba.

Giya ce ta sauke ka, don haka da ita za mu fara. Mafi sauƙin giyarka 39 ce a gaba, 25 a baya. Duk zagaye ɗaya na feda keken yana yin gaba mita 3.3. Ɗauki hawa mai kashi 7 cikin ɗari, wato duk mita ɗari da ka tafi ka ɗagu mita bakwai. Mutum irinka, in ya dage, zai yi gudun kilomita 10 a awa, wanda ke buƙatar ƙarfin da ya kusa wat 200, kuma kusan 175 daga ciki duk na ɗaga nauyi ne. A wannan gudun ƙafarka zagaye 50 kacal take yi a minti. Kowane taku sai ka danna kamar mai hawa bene da buhun masara a kai, tsokar cinya tana matse na tsawon lokaci, jini ba ya ratsa ta yadda ya kamata, ita kuma gwiwa tana shan duk nauyin. Minti takwas ko goma a haka sun isa su ƙarar da kai. Da ka leƙa wilin bayan dattijon nan, mai yiwuwa da ka ga faranti kamar murfin tukunya, ga shi kuma ya san inda tudun yake ƙarewa, kai ba ka sani ba.

In ka sa kaset, wato jerin farantan baya, wanda babbansa ke da haƙora 32, a wannan gudun dai, ƙafarka za ta koma zagaye 64. In ka haɗa da sauya farantan gaba zuwa 50 da 34, za ta kai 73, in kuma kaset ɗin mai 34 ne, 78. Tsakanin 70 da 85 ne mafi yawan mutane suke iya daɗewa suna hawa. Kada ka ji kunyar babban faranti a baya. 'Yan tseren Tour de France kansu, ranakun duwatsu, suna sa 30 zuwa 34 a baya, su da nauyin da yawansu bai kai kilo 70 ba.

Kafin ka sayi komai, ƙirga farantan baya ka ga ko 8 ne, 9, 10 ko 11, ka kuma duba sunan kamfanin, don kayan Shimano da na Campagnolo ba sa shiga juna. Duba ƙarfen da ke canza giya a baya. Gajeren hannu, wanda ake sa wa kekunan tsere, yawanci bai wuce haƙora 28 ko 30 ba. Don 32 ko 34 sai mai matsakaici ko dogon hannu. Ga dabara mai rahusa: idan Shimano ne mai 8 ko 9, ko tsohon mai 10 (ban da Tiagra 4700), na keken daji mai giya 9, irin su Alivio ko Deore, yana aiki da makunnin giyarka ba tare da matsala ba, kuma shi ya fi samuwa wajen masu kayan gwanjo. Sayi sabuwar sarƙa tare da kaset ɗin. Tsohuwar ta yi gajarta, kuma idan ta miƙe za ta riƙa tsallake haƙora daidai lokacin da ka danna. Yadda ake gane ta miƙe: ƙusoshi 24 daga na farko su ba ka inci 12 cif, in sun wuce da milimita ɗaya da rabi ta gama aiki. Tsawon sabuwar kuwa, a ɗora ta a babban farantin gaba da babban na baya ba tare da an ratsa ta cikin ƙarfen canjin ba, inda bakinta biyu suka haɗu a ƙara inci ɗaya. Ka tsaya a kan mai gyaran ya saita sukurun da ke hana sarƙa wuce babban faranti, don in ta faɗa cikin sifok a tsakiyar hawa, wili da ƙarfen canjin duka sun tafi. Batun farantin gaba: ba za ka iya ɗaura 34 a inda 39 yake ba, don da'irar ƙusoshin wannan milimita 130 ce, ta wancan 110. Sai an sauya hannun feda gaba ɗaya, a tabbatar ya dace da boris ɗin tsakiya, a kuma sauko da ƙarfen canjin gaba kaɗan. In kuɗi ya hana a yi duka, fara da na baya.

Gwiwar kuma, ka auna sirdi. Tsaya ba takalmi, jingina da bango, matse littafi tsakanin cinyoyinka, auna daga ƙasa zuwa saman littafin, ka ninka da 0.883. In ka sami santimita 82, tsayin sirdi daga tsakiyar boris zuwa samansa ya zama kimanin 72 da rabi. Zafi a gaban gwiwa yawanci sirdi ne ya yi ƙasa, zafi a bayanta ya yi sama. Matsa shi milimita uku zuwa biyar a lokaci guda, ka tuƙa kwana biyu kafin ka sake taɓawa.

Yanzu taya. Lambar 120 da ke jikinta iyaka ce da aka ce kada ka wuce, ba umarni ba ne. An daɗe ana zaton siririyar taya mai tauri ita ta fi gudu, kuma a kan shimfiɗa mai santsi kamar madubi akwai gaskiya a ciki. A kan kwaltarmu mai faci-faci da tsakuwa, taya mai tauri tsalle take yi, duk tsallen nan ƙarfinka ne yake tafiya wajen girgiza keke da jikinka. Taya mai ɗan faɗi da sassauci tana haɗiye ƙananan duwatsun ta wuce. Shi ya sa manyan 'yan tsere suka bar 23 suka koma 28 da 30, a tseren Paris-Roubaix mai hanyar duwatsu ma har 32. Ka kuma tuna da rana: iskar da ka buga 120 da asuba, in zafin tayar ya ƙaru da digiri 20, ta doshi 130.

Abin da muke ba ka shawara shi ne 28, in keken ya yarda. Ga yadda za ka tambaye shi. Taya 28 ta fi 23 faɗi da milimita biyu da rabi ta kowane gefe, ta fi ta tsayi da kusan biyar, kuma ana son a bar tazarar milimita 4 ko'ina saboda yashi da laka. Don haka, da tayarka ta yanzu a jiki, zura alanki mai lamba 6 tsakanin gefen taya da ƙarfen keke a bayan boris da cikin fok. Sannan ka duba sama, ƙarƙashin birki, ko akwai sarari milimita 9. In babu, 25 za ka saya, kuma ita ma ci gaba ce. Duba rim ɗin ma: in ka ga an rubuta 622x15 ko 622x17 zai ɗauki 28, in 622x13 ne tsaya a 25. Wannan lambar 622 ita za ka riƙe a kasuwa, don ita ce ainihin faɗin da'irar rim da milimita. Tsohuwar taya mai inci 27 tana da 630, ta keken gida irin Raleigh da Phoenix 635, kuma za a iya miƙo maka su a ce ai duk ɗaya ne. Ba za su zauna ba.

Iska ga mai nauyinka: a kan 28, fara da 78 a baya, 72 a gaba. A kan 25, 90 a baya, 84 a gaba. Na gaba kullum ƙasa yake da na baya, don kusan kashi 60 na nauyinka a baya yake. Daga nan sai ka riƙa rage uku-uku har ka ji keken ya daina rawa a hannunka. Ranar da ka ji rim ya taɓa ƙasa a bakin rami, ka wuce gona da iri, mayar da biyar. Wannan ba zai yiwu da latsa taya da yatsa ba, sai famfon ƙafa mai geji, kuma a duba kafin kowace fita, don siririn tub yana zubar da iska biyar zuwa goma cikin 'yan kwanaki ko da babu huji. Bawul ɗinka siriri ne mai ɗan sukuru a kai, kan injin mai faci kuwa na bawul ɗin mota ne. Akwai ɗan ƙarfe mai haɗa su, bai kai girman ƙwayar gyaɗa biyu ba, ajiye ɗaya a jakar sirdi. Amma kada ka bar injin ya yi ta hurawa, daƙiƙa biyu sun cika irin wannan taya.

Facin da kake yi duk mako biyu yana da dalili, kuma tub ɗin da kansa zai faɗa maka. Daga yau, duk sanda za ka sa taya, daidaita rubutun sunanta da bawul. In ta sace, hura tub ɗin ka nemi hujin, ka ɗora shi a kan tayar daga bawul, ka ga daidai inda abin ya shiga. Huji ɗaya ƙarami ta bayan tub, ƙaya ce ko waya. Tsidau da ƙayar aduwa suna nan a gefen hanya, amma babban ɓarawon shi ne siririyar wayar da ke fita daga fasassun tayoyin manyan motoci da waɗanda aka ƙona. Takan maƙale cikin roba, ido ba ya ganinta, ka sa sabon tub ta sake huda shi a wuri ɗaya. Shafa auduga a cikin tayar, inda ta kama zare nan wayar take, cire ta da hantsaki. Huji biyu a jere kamar saran maciji, rim ne ya datse tub a bakin rami saboda iska ta yi ƙasa. Huji ta ciki, ɓangaren da ke kallon rim, kyallen da ke rufe ramukan sifok ne ya goce ko ya tsufa. Sayi na gaske mai faɗin rim ɗin, salatif ɗin lantarki ba ya jure wannan iska. Doguwar yaga mai ƙara kamar bindiga kuwa, tub ne aka matse ƙarƙashin leɓen taya wajen sawa. Maganinta a ɗan hura tub kafin a sa shi, a gama sa taya, a bi ta zagaye ana matsawa ana leƙawa, sannan a cika.

Kada ka bari a zura wa rim ɗinka sukundireba. Sayi maɓanɓaran roba guda biyu. Facin babur mai kauri, wanda ake gasawa da wuta, yana yin ƙullutu a siririn tub har ka ji shi duk juyawa. Yi naka: goge wurin da sanfefa, shafa sholisho siriri ya fi facin faɗi, jira minti biyar har ya daina ƙyalli, sannan ka manna ka danna sosai. Yawancin facin da ke tashi, gaggawar mannawa a kan ɗanyen sholisho ce.

Kuma tunda keken na hannu ne, mai yiwuwa tayar da ya zo da ita ta yi shekaru a ajiye. Lanƙwasa gefenta, in ka ga ƙananan tsage-tsage, ko samanta ya baje ya zama fili, ta mutu. Wajen sabuwa, nemi mai shimfiɗar kariya a ƙarƙashin roba, irin Continental Gatorskin, Schwalbe Durano, Maxxis Re-Fuse ko Vittoria Rubino. Tayoyin tsere irin su Continental GP5000 sun fi su gudu da daɗin hawa, amma gefensu ya fi laushi, kuma kai yanzu abin da kake bukata shi ne ka yi wata biyu kana atisaye ba kana zaune a bakin titi ba. Ta baya tana cinyewa kusan ninki biyu na ta gaba. Idan ta ƙare, mayar da ta gaba baya, sabuwar ta hau gaba, don fashewar gaba ita ke kayar da mutum. Tubles kuwa, wato taya marar tub, bar shi yanzu. Tsohon rim ɗinka ba a yi shi don haka ba, kuma ruwan da ake zubawa ciki, mililita 40 zuwa 60 a kowace taya, zafin Kano yana busar da shi cikin wata biyu ko uku.

Uwargida tana da gaskiya, ka ba ta haƙuri. Tayar titi ba ta jure gogar ƙarfen tirena: tana zafi, tana zamewa, tana zubar da gari. Akwai taya ta musamman don wannan, Continental da Vittoria da Tacx duk suna yi, robarta mai jure zafi ce, ba ta gari, ƙararta kuma kaɗan ce. Ba a hawa titi da ita ko kusa, ba ta kama ƙasa. Tunda ba za ka so ɓanɓarar taya sau huɗu a mako ba, nemi tsohon wilin baya mai rahusa, ko da ɗan nauyi ne, mai yawan farantai irin naka, ka bar masa tayar tirena dindindin. Wannan shi ne wilin da ya kamata ka saya. Ba ta iska 100, murɗa matsin har ƙarfen ya taɓa taya, ka ƙara zagaye biyu. Riƙe ƙarfen ka fizgi wilin da hannu, in ya zame ƙara kwata. Sakin matsi ne ke cin taya fiye da matsewa, saboda zamewar. In ka gama ka kwance shi, kada tayar ta kwana a matse. Yi amfani da sandar wili ta ƙarfe da ta zo da tirenar, kan ta roba ko ta alminiyam yana iya kuɓucewa. Sa katako ko tsohon littafi ƙarƙashin tayar gaba keken ya daidaita, shimfiɗa tabarmar roba a ƙasa, in akwai baranda ko zaure ka kai kayan can. Akwai tirenar da ake cire wili gaba ɗaya a ɗaura sarƙa a jikinta, irin Wahoo Kickr, da manhajoji irin Zwift masu nuna maka tudu a allo. Suna da daɗi, suna da tsada, yawancinsu suna son wuta da intanet. Wadda kake da ita ta isa.

Zufar minti 20 ba rashin ƙarfi ba ce. Jikin mutum kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na abin da ya ƙona ne kawai yake zama tuƙi, saura zafi ne. In kana ba feda wat 200, wat 600 zuwa 800 na zafi suna tashi a jikinka, kamar an kunna ƙaramin dutsen guga a ciki. A titi iskar gudu ke kwashe shi, a ɗaki babu mai kwashewa, sai bugun zuciya ya yi ta hawa alhali aikin bai ƙaru ba. Fankar sama ba ta isa. Sa babbar fankar tsaye a gabanka, taku ɗaya ko biyu, tana dukan ƙirji da fuska, mai caji ta fi saboda ɗaukewar wuta. In janareta za ka tayar, ya kasance a waje nesa da taga, don mai haki yana shaƙar iska ninki da yawa, hayaƙinsa kuma yana kisa ba tare da wari ba. Tuƙa bayan asuba ko bayan isha'i. Sha rabin lita zuwa kwata uku a awa, da kwatan cokalin shayi na gishiri a kowace lita. Hau sikeli kafin da bayan, duk kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ka zubar. Rufa tawul a kan hannun keken, don gishirin zufa yana cin boris ɗin wuya da ƙusoshi, yana kuma cin hannun alminiyam a ƙarƙashin naɗinsa har ya karye wata rana.

Kano ba ta da tudun da zai riƙe ka minti ashirin, gadojin sama kuwa kafin ka fara haki sun ƙare, ga motoci. Amma hawa, in an tuɓe shi, dannawa ce ba tsayawa na tsawon lokaci, kuma tirena ta fi titi iya koyar da wannan, don ba ta barin ka saki feda. Ma'aunin ƙoƙari, in ba ka da na'ura, bakinka ne. Akwai tuƙin da kake iya hira. Akwai wanda kalma uku ko huɗu kawai kake iya fitarwa kafin ka ja numfashi, wannan shi ne na hawa. In kana da agogon bugun zuciya, wajen 150 zuwa 158 ne ga mai shekarunka, sai dai lissafin 220 a debe shekaru yana iya kuskure da goma ko fiye, don haka ka fi yarda da numfashinka.

Ranar Talata, ɗumama jiki minti 15, sannan minti 8 a ƙoƙarin hawa sau uku, da hutun tuƙi mai sauƙi minti 4 a tsakani. Mako na biyu su zama minti 10, na uku 12. Na huɗu ka yi rabin komai, a nan jiki yake gina abin da ka roƙe shi. Na biyar minti 15 sau biyu da giya ɗaya mai ɗan nauyi, na shida minti 20 sau biyu, na bakwai minti 35 a jere. In zagaye na ƙarshe ya gagare ka, na farkon ka yi da zafi, sassauta. Ranar Alhamis, giya mai nauyi, ƙafa tana zagaye 60 zuwa 65, kana zaune ba ka rausaya kafaɗa, minti 4 sau biyar, a hankali ka kai su 6. Ƙirga gwiwar dama na daƙiƙa 15 ka ninka huɗu, ka san zagayenka. Da gwiwa ta yi magana ka bar wannan na mako guda. Asabar doguwar fita ta awa biyu da rabi zuwa uku a tuƙin hira, kuma in iskar hunturu tana kaɗawa, fuskance ta wajen tafiya ta turo ka wajen dawowa. Lahadi ka rage ko ka huta. Mako na takwas, gajerun tuƙi biyu kawai. In azumi ya faɗo ciki, mai nauyin sai bayan buɗa baki da awa biyu. Kuma tunda ka haura 40, a auna maka hawan jini kafin ka fara. Ciwon ƙirji, jiri ko bugun zuciya da ya rikice, a sauka a ga likita, ba a gwada jarumta da su.

Kilo uku daga jikinka sun kusa minti ɗaya a wancan hawan, ninki shida na wilin kabon. Rage lemon kwalba da tuwon dare mai yawa, amma kada ka hau tirena ranar Talata da yunwa.

Ranar Jos. Garin yana kusan mita 1,200 sama da teku, Kano ba ta kai 500 ba, don haka za ka ji numfashi ya ɗan yi sauri, amma bambancin bai kai ya sauke mutum ba. Tambayi abokanka tsawon kowane hawa kafin ku isa. Sa giya mai sauƙi tun kafin tudun ya cije, kuma ka ɗan sassauta danna feda daidai lokacin canjawa, don canji a ƙarƙashin nauyi ke tsinka sarƙa. Kashi ɗaya cikin uku na farko, tafi a hankali har ka ji kamar kana wasa, bar su su wuce. Zauna, hannu a saman kan keke, gwiwar hannu a sake. Duk bayan 'yan mintuna ka miƙe tsaye na daƙiƙa goma sha biyar don baya ya huta, ka ƙara giya ɗaya kafin ka miƙe, ka mayar in ka zauna. Fara ci tun awa ta farko: dabino shida ko ayaba ɗaya duk minti 40. Tafi da riga mai tare iska, don jiƙaƙƙen jiki a gangarar asubar Jos yana kaɗuwa.

Gangarar ta fi hawan haɗari ga mutumin Kano. Riƙe ƙasan hannun keken, yatsu a kan birki, ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Na gaba shi ke yin mafi yawan tsayarwa, kama shi a hankali kana matsar da jiki baya. Kada ka ja birki ka riƙe tun daga sama har ƙasa, rim yana zafi har tub ya fashe. Kama da ƙarfi, saki, sake kamawa. Saboda wannan ne ma muke cewa ka tsaya a baƙin tub na yau da kullum, ka bar marasa nauyin nan. Sa sabuwar robar birki mako biyu kafin tafiya, goge rim ɗin. Taya 28 ba ta wucewa tsakanin robobin birki sai an ɗaga ɗan makunnin da ke buɗe su, kuma mutane da yawa suna sauke keke daga mota su ɗaura wili su manta ba su mayar da shi ba. Matsa birki biyun kafin ka ɗora ƙafa.

In suka ce a gangara Hawan Kibo a hauro, hanyar tirela da tankokin mai ce, kuma ta yi suna da haɗurran manyan motoci. A wannan zuwan ka ce musu a'a, ku yi hanyoyin da suka fi shiru. In ya zama dole wata rana, da sassafe, da hular kwano, da jar fitila mai walƙiya a baya, da mota tana bin ku. A jakar sirdi: tub biyu, maɓanɓara biyu, kayan faci, ƙaramin famfo, alanki, mahaɗin sarƙa mai lambar giyarka, da 'yar takardar kuɗi ta leda, wadda za ka naɗe ka shimfiɗa a cikin taya in kwalba ta yanka gefenta.